Yadda Ake Sauke Ƙibar Hutu Ba Tare Da An Azabtar Da Ciki Ba

A Babbar Sallar da ta wuce na yi kwana goma sha biyu a gida, a Yawuri, kuma ranar da na dawo Birnin Kebbi na ɗauko kaftanin da nake zuwa ofis da shi, sai maɓallin wuya ya ƙi shiga, zariyar wando ita ma ta nemi a sassauta mata. Da na hau sikeli a wani kemis na unguwarmu sai ya nuna kilo 81, alhali da 78 na bar garin. Ban yi mamaki ba, domin na san abin da na aikata. Safiya takan fara da kunun gyaɗa da masa, kafin azahar an ajiye mini soyayyen naman layya a langa, da rana tuwon shinkafa da miyar kifi, bayan la'asar kuma a fita gaishe-gaishe, kowane gida da furarsa da lemonsa. A gidan Gwaggo na yi kuskuren ture kwano da sauran abinci a ciki, sai ta dube ni ta ce, "Mi kac ci, ɗan nan? Ko tuwon ga bai yi maka daɗi ba?" Dole na jawo kwanon na ƙarasa.

Mafi yawan abin da sikeli yake nunawa bayan irin wannan hutu ruwa ne, kuma da kansa yake tafiya. Kitse na gaskiya kaɗan ne a ciki, sai dai shi ne ba ya tafiya sai an kore shi, kuma korarsa ba ta buƙatar yunwa ko wani shayi na musamman.

Mataki na farko: a gane abin da sikeli yake faɗa

Kilo ɗaya na kitsen jikin mutum yana ɗauke da kalori kusan 7,700 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki). Ke nan kafin in tara kitse kilo 3 sai na ci rarar kalori 23,100 a kan abin da jikina yake ƙonawa, wato rarar kusan 1,900 a kowace rana cikin kwanakin nan goma sha biyu. Namiji mai aikin zama yakan buƙaci tsakanin 2,000 da 2,500 a yini, don haka sai na kusan ninka cina kullum ba fashi kafin hakan ta faru. Na ci da yawa, amma ban kai nan ba. Idan aka ƙaddara rarar 600 a rana, lissafin ya tsaya a 7,200, wanda bai cika kilo ɗaya ba.

Sauran nauyin daga wurare uku ya fito. Jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka a wata siffa da likitoci ke kira gilaikojin, rumbun nan yakan ɗauki kimanin giram 500, kuma kowane giram yana riƙe ruwa kusan giram 3 tare da shi. Kwanakin shinkafa da masa da alkaki sukan cika rumbun maƙil. Na biyu gishiri ne, na kilishi da na yajin tsire da na dunƙulen magi, wanda yake sa jiki ya riƙe ruwa. Na uku shi ne abincin da yake cikin hanji bai riga ya fita ba. A ƙara da doguwar zama a mota, wadda takan sa ƙafa ta ɗan kumbura, sannan ga mata akwai ruwan da jiki yake riƙewa gab da al'ada.

Abin yi a nan mai sauƙi ne. Kada a hau sikeli a ranar dawowa, idan kuma an riga an hau, kada a ɗauki lambar da muhimmanci. A koma cin abinci yadda aka saba a gida na tsawon kwana biyar zuwa bakwai, sannan a auna da safe, bayan an zagaya, kafin a karya kumallo. Wanda ba shi da sikeli a gida ya riƙa zuwa kemis ɗaya, a lokaci ɗaya, da kaya iri ɗaya, ya cire takalmi da babbar riga, ya fitar da waya da makullai daga aljihu. Ni a rana ta bakwai 79 na gani. Wannan kilo ɗaya da ya rage shi ne bashin da ake bina.

Kada kuma a raina shi. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2000 ya bi mutum 195 a lokacin bukukuwansu na ƙarshen shekara, ya gano cewa abin da suka ƙara a matsakaicin lissafi bai kai rabin kilo ba, ƙasa da yadda su kansu suke zato, amma nauyin bai sauka ba a watannin da suka biyo baya. Mu kuwa muna da Ƙaramar Sallah da Babba, ga hutun Disamba, ga bukukuwan aure da suna. Idan rabin kilo ya maƙale sau biyu a shekara, cikin shekara goma mutum ya ɗora kilo 10 ba tare da ya iya nuna ranar da abin ya faru ba, kuma a duk tsawon lokacin nan 'yan uwa yabo suke yi, suna cewa ya murje, hutu ya karɓe shi.

Mataki na biyu: tsaraba

Hutu bai ƙare ba muddin tsaraba tana cikin ɗaki. Daga Yawuri na dawo da bokitin soyayyen nama, da dambun nama, da leda biyu na cincin da dublan, kuma na lura duk wucewar da zan yi ta kusa da bokitin sai hannuna ya shiga. Wanda ya yi hutun kwana goma sannan ya yi wata guda yana tsakurar tsaraba, hutun kwana arba'in cikinsa ya yi.

A ranar farko a raba kayan zaƙi ga maƙwabta da abokan aiki da almajiran unguwa, a bar wa yaran gida kasonsu a hannun uwarsu. Naman kuma a daina cinsa a tsaye. A ƙulla shi kashi-kashi, a riƙa jefa ƙulli ɗaya a miya, ta yadda zai zama naman miyar gida gaba ɗaya. Busasshen kifi da albasar Aliero ba su da laifi, su a ajiye su.

Mataki na uku: a mayar da lokutan cin abinci, kada a yi horon yunwa

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya dawo da haushin kansa, ya ce daga yau ba karin kumallo, ba abincin rana, sai ruwan ɗumi da lemon tsami. Yakan yi kwana biyu ko uku a haka, a dare na huɗu a same shi a teburin mai shayi da indomi biyu da ƙwai uku da burodi. Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Yunwa mai tsanani tana cinye tsoka tare da kitse, tana hana aiki, sannan tana ƙarewa da ramuwar gayya. A tsayar da lokuta uku, ko biyu ga wanda haka ya saba, a rufe ƙofar ciye-ciye a tsakaninsu, abincin dare kuma ya kasance tsakanin magariba da isha'i, ba ƙarfe goma sha ɗaya ba.

Ma'aunin da masana abinci suke bayarwa shi ne ragin rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako. Rage kalori 500 a rana yana ba da 3,500 a mako, wato kusan rabin kilo. Mai bashin kilo ɗaya ko biyu aikin kamar mako biyu zuwa huɗu ne a gabansa.

Game da shayin rage ƙiba da ake tallatawa a Facebook da WhatsApp, da yawansu maganin gudawa ne irin su filasko, ko kuma abin da ke sa yawan fitsari. Sikeli zai sauka, amma ruwa ne ya fita, kitsen yana nan inda yake, kuma zubar da ruwan jiki a zafin Kebbi na watan Afrilu, lokacin da ma'auni yake haura digiri 40, ganganci ne da ƙoda. Lambar NAFDAC a jikin kwali ma ba ta nufin abin yana narkar da kitse.

Wanda ya saba azumin Litinin da Alhamis ya ci gaba da ibadarsa, sai dai ya kula kada buɗa-bakin ya koma irin na watan Ramadan, da ƙosai da soyayyen dankali da kunu da zoɓo a tire ɗaya, domin a zama guda ana iya mayar da duk abin da yinin ya rage.

Mataki na huɗu: inda za a yanke

Nan ne aikin yake, kuma a ganina da abin sha ya kamata a fara, saboda sukarin da aka sha ba ya ƙosarwa kamar wanda aka tauna. Lemon kwalba na roba mai santilita 50 yana ɗauke da sukari sama da giram 50, wato ƙaramin cokali goma sha uku, kalori kusan 210. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin yini, wanda ga babban mutum yake kamawa kimanin giram 50, ta kuma ce rabin haka ya fi. Roba ɗaya ta cinye kason yini gaba ɗaya. Lemon malt da mutane suke ɗauka kamar maganin ƙarin jini shi ma cike yake da sukari, haka zoɓo da kunun zaƙi da kunun aya na sayarwa, waɗanda ba ka ga hannun da ya zuba musu sukari ba. Na mako huɗu a koma ruwa, da zoɓon gida mai citta da kanumfari wanda aka rage wa zaƙi sosai. Shayi kuma, idan cokali huɗu ake zubawa, a koma biyu a makon farko, ɗaya a na biyu; harshe yakan saba cikin 'yan makonni.

Fura da nono tana buƙatar magana ta daban, domin a nan ƙasar ba a rabuwa da ita, kuma ban ga dalilin rabuwa da ita ba. Gero ne da nono, abinci ne cikakke. Matsalar ita ce muna lissafa ta a matsayin abin sha, mu ci tuwo mu ƙoshi sannan mu kora da kofin fura. A ba ta matsayinta: ranar da aka dama fura da rana, ita ce abincin rana, ba sukari ko da ɗan kaɗan, kuma ba a bin ta da shinkafa.

Sai mai. Giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9, alhali na sitacin da ke cikin hatsi ko na furotin da ke cikin nama 4 ne, kuma babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja ko man shanu yana kai wa kusan 120. Wanda ya zuba cokali uku a kan shinkafa da wake ko ɗanwake ya ƙara 360 ba tare da tudun abincin ya ƙaru ko kaɗan ba. Maganin shi ne a daina tuttulawa daga galan ko kwalba, a riƙa aunawa da cokali, a miya da kuma a faranti. Wannan magana ce da dole a yi ta da mai girki cikin lalama, domin a gidaje da yawa miyar da mai bai taso a samanta ba ana ganin rowa ce ko rashin iya girki. Abin da ya yi mini aiki shi ne na roƙi uwargida ta riƙa kwashe man da ya taso kafin ta zuba mini, ba tare da an canza wa kowa miyarsa ba. Kifin Yawuri da na Argungu, tarwaɗa ko karfasa ko giwan ruwa, a yi farfesunsa ko a gasa maimakon suya. Kaza a cire fatar. A wurin mai tsire kuma a ce masa tsoka zalla, kada ya haɗa da kitse, kada ya yaryaɗa mai.

Na uku shi ne malmala. Kebbi ƙasar shinkafa ce, kuma duk wanda ya ce wa Bakabe ya bar shinkafa ya san ba za a ji maganarsa ba. Dafaffiyar shinkafa giram 100 kalori kusan 130 ce, illar tana cikin yawan da muke tulawa. Mai cin malmala uku ya koma biyu, mai biyu ya koma ɗaya da rabi, a cike gurbin da miya mai ganye da yawa. Tuwon dawa ko na gero da ba a surfe shi ƙal ba ya fi daɗewa a ciki saboda dusarsa, amma kada a ɗauka ba shi da kalori, kusan ɗaya suke da na shinkafa. A faranti, rabi ya zama ganye da kayan lambu, kashi ɗaya cikin huɗu wake ko kifi ko ƙwai ko nama, ragowar kuma hatsi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a yini, kuma ba sai an nemi na kanti ba: zogale, rama, alayyafo, yakuwa, kuɓewa, kabewa, yalo, gwaiba, gwanda da kankana duk suna kasuwa. Kwaɗon zogale ko na rama kafin tuwo yana rage wurin tuwon, muddin ba a cika masa ƙuli-ƙuli da mai ba. Gyaɗa ma a yi hattara da ita, giram 100 ya haura kalori 550, kuma a wurin hira ana cinye haka ba a sani ba.

Inda ake ci a kwano ɗaya, ƙiyasta abin da aka ci yana da wuya. A nan a rage sauri, a ƙanƙanta loma, a tsame hannu kafin ciki ya cika, domin saƙon ƙoshi yakan makara kafin ya isa ƙwaƙwalwa. Hadisin nan da kowa ya haddace, na raba ciki uku tsakanin abinci da ruwa da numfashi, ya isa ma'auni.

Gishiri kuma kada ya kai giram 5 a yini, ƙaramin cokali ɗaya ke nan har da wanda yake cikin magi, don haka a rage dunƙule a ƙara daddawa da albasa da tafarnuwa.

Mataki na biyar: motsa jiki da barci

Tafiyar minti 30 da sauri tana ƙona kalori kusan 150 ga mai kilo 80, wato robar lemo ɗaya ta fi ƙarfin tattakin rabin awa. Wannan ya nuna cewa motsa jiki kaɗai ba zai biya bashin ba idan baki bai rufu ba, amma shi ne yake kare tsoka, yake taimaka wa sukarin jini da hawan jini, kuma yake hana nauyin dawowa. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ga manya ita ce minti 150 zuwa 300 a mako, tare da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu. Minti 30 sau biyar ya cika mafi ƙarancin adadin. Saurin da ake so shi ne wanda mutum zai iya magana amma numfashinsa ya ɗan ɗaga.

A garinmu lokacin da ya dace shi ne bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi, ko kuma bayan la'asar sakaliya. Wanda yake kusa da filin wasa na Haliru Abdu yana da wurin zagaye, wanda yake nesa kuma ya zaɓi masallacin da ya ɗan fi nisa, ko ya sauka daga kabu-kabu kafin ya isa ofis ya ƙarasa da ƙafa. Matar da ba ta fita tana iya zagaya tsakar gida minti goma bayan kowane abinci, sau uku ya zama talatin. Daka da jan ruwa da wanki ma aiki ne na gaske. Don tsoka, a tsuguna a miƙe sau goma zuwa goma sha biyar, a huta, a maimaita sau uku, sannan a dafa bango ko ƙasa a riƙa tura jiki da hannu.

Hutu yana lalata barci da hirar dare, kuma ƙarancin barci yana ƙara yunwa da kwaɗayin zaƙi washegari. Babban mutum yana buƙatar awa 7 ko fiye. Ga mai tashi asuba, wannan yana nufin kwanciya wajen ƙarfe goma, da ɗan ƙailula idan ta samu.

Mataki na shida: bibiya

A hau sikeli sau ɗaya ko biyu a mako, a rubuta a takarda, a duba inda lambobin suka dosa cikin wata maimakon abin da rana ɗaya ta nuna. Ƙugu ma a auna shi, domin kitsen tumbi shi ne ya fi alaƙa da ciwon suga da ciwon zuciya. Ƙa'idar ita ce kewayen ƙugu ya gaza rabin tsawon mutum: mai tsawon santimita 170, nasa kada ya kai 85. Wanda ba shi da tef ɗin tela ya samo igiya ya yanke ta daidai tsawonsa, ya ninka ta biyu, ya zagaya ta cikinsa ɗan sama da cibiya, bayan ya saki numfashi ba tare da ya tsuke ciki ba. Idan bakunan sun haɗu, lafiya lau. Idan sun ƙi, tazarar da ta rage ita ce aikin da ke gaba.

Idan mako uku suka wuce lamba ba ta motsa ba, a rubuta duk abin da ya shiga baki na kwana uku, har da ƙosan ofis da rake da ragowar abincin yara. Galibi a nan ɓarawon yake fitowa.

Mai juna biyu kada ta bi wannan tsari, mai shayarwa kuma ta tsaya ga rage lemo da soye-soye. Mai ciwon suga da yake shan magani ko yin allurar insulin ya ga likitansa kafin ya rage abinci ko ya ƙara azumi, domin sukarinsa yana iya faɗuwa. Wanda kuma ya ga nauyinsa ya ƙaru da kilo biyu ko fiye cikin 'yan kwanaki, ga kumburin ƙafa ko fuska da ba ya saɓewa, ga haki idan ya kwanta, ya tafi asibiti a duba zuciya da ƙoda da hawan jini, wannan ba ƙibar hutu ba ce.

Kafin tafiya ta gaba

A auna nauyi ranar tashi a rubuta, don a san inda za a dawo. A can gida a zaɓi abin da aka yi marmari a ci shi da daɗi, masar Inna ko farfesun kifin da ba a samun irinsa a birni, a bar abin da ake samu ko'ina, kamar lemon kwalba da biskit. Ranar gaishe-gaishe kada a ci abincin rana a gida, tunda an san kowane zaure da kwanonsa, kuma gidajen da ke kusa a taka da ƙafa. A kowane gida a yi bismilla a taɓa, domin ƙin taɓawa gaba ɗaya shi ne yake ɓata rai, sannan a yaba girkin da gaske. Ga irin su Gwaggo, kalmar da na shirya ita ce, "Gwaggo, wallahi na ƙoshi, Allah ya saka da alheri, a juye mini saura in tafi da shi, da dare zan ci." Wannan ba ta jin haushinta, har takan ƙara malmala ɗaya a kai, kuma a gidanmu akwai samari huɗu da ba su taɓa barin kula ta kwana da abinci ba.